Neman kalma: wane suna ya dace da tsibirai irin na Hawayi?

Assalamu alaikum, masu kishin harshe. Ina rubuta ɗan bayani da Hausa don masu shirin zuwa hutu Hawayi karon farko, sai na cije tun a jimlar farko. Turawa suna ce wa irin wannan wuri "volcanic island chain". Tsibiri muna da shi. Dutse mai aman wuta ma ya daɗe da zama a bakin jama'a, gidajen rediyo sun zaunar da shi daram. Haɗa su a suna guda, wanda mai karatu zai ji ya san abin da zai tarar in ya sauka, shi ne aikin da nake neman taimakonku a kai.

Bari in fara faɗin abin da sunan zai ɗauka. Hawayi tana tsakiyar tekun Fasifik, jiha ce ta Amurka tun 1959. Manyan tsibiranta takwas ne, sai ƙanana da yawa, duk sun miƙe wajen kilomita 2,400 daga kudu maso gabas zuwa arewa maso yamma. Miƙewar nan tana da dalili. Can ƙarƙashin teku akwai wani wuri da narkakken dutse ke tasowa daga cikin ƙasa, ɓawon ƙasan da ke ɗauke da tekun kuma yana tafiya a kansa sannu a hankali, santimita 7 zuwa 10 a shekara. Wutar ta gina tsibiri, ɓawon ya janye shi gaba, ta soma gina wani a bayansa. Wani masani ɗan Kanada, Tuzo Wilson, shi ya kawo wannan bayani a 1963. Don haka Kauai da ke can gaba ya kai shekara miliyan 5, Babban Tsibiri da ke baya bai cika miliyan ɗaya ba, akwai kuma wani sabo, Kamaehuakanaloa, da ke ta girma a cikin ruwa, saura kusan mita 1,000 ya leƙo.

Bismillah, ina sauraronku.

*

Na gode, amsoshi sun zo. Zan fara da rabin sunan da ya fi sauƙi.

Wani ɗan uwa ya ce sarƙar tsibirai. Malam, ban yarda da wannan ba, kuma dalilina na matafiyi ne. Sarƙa a kunnen Bahaushe abu ce da gaɓoɓinta ke riƙe da juna. Wanda ya karanta haka zai ɗauka mota zai haya ya bi gada daga wannan tsibiri zuwa wancan, alhali ba gada ko ɗaya tsakanin manyan tsibiran. Ruwan da ke tsakanin Oahu da Kauai ya haura kilomita 100. In ka cire jirgin ruwan da ke jigila tsakanin Maui da Lanai, jirgin sama ake hawa, kuma kowane tsallake yana cin kuɗin tikiti, yana cin rabin yini a filin jirgi da karɓar mota da neman masauki. Sunan da zai ɓoye wa mutum wannan ya cuce shi tun yana gida yana lissafi.

Tarin tsibirai, wanda mutane da yawa suka kawo, kalma ce mai kyau, ina ganin a bar ta ga ƙasashe irin su Indonesiya da Filifin masu tsibirai dubbai. Tari ba ya nuna gaba da baya.

Wata Hajiya ta ce ayarin tsibirai, kuma wallahi ya burge ni, domin tsibiran nan tafiya suke da gaske, tsoho na gaba sababbi na biye. Hajiya, in waƙa ko adabi ake rubutawa, naki za a ɗauka. A bayanin tafiya kuwa ina tsoron mai karatu ya tsaya yana tunanin ayarin me, ina za shi. Jerin tsibirai ya wadatar: a jere suke, ba su taɓa juna, kuma kowa ya san jeri yana da na farko da na ƙarshe.

*

Yanzu ga inda gardamar take. Kusan kowa ya rubuta jerin tsibirai masu aman wuta, kamar magana ta ƙare. Ni a nan ne nake da ja.

"Masu aman wuta" yana nufin suna yi, ko suna iya yi. Mafi yawan tsibiran nan kuwa sun daina tun kafin ɗan Adam ya taka su. Yawancin baƙi a Honolulu suke sauka, a tsibirin Oahu, inda duwatsun suka yi sanyi tuntuni. Diamond Head da ake hawa a ɗauki hoto ramin tsohon dutse ne wanda ciyawa ta fito a cikinsa. Mai son ganin wuta da idonsa sai ya sake hawa jirgi zuwa Babban Tsibiri, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. Can ne Kilauea yake, wanda ya yi ta amai daga 1983 har 2018, kuma a shekarar ta ƙarshe ya cinye gidaje sama da 700. Can ne Mauna Loa yake, wanda ya farka a Nuwamban 2022 bayan shiru tun 1984. Haleakala na Maui ya yi ɗaruruwan shekaru yana barci, masana dai ba su ce ya mutu ba.

Kun ga illar ta biyu ce. Mai tsoro zai fasa zuwa Kauai da Oahu don wutar da babu ita a can. Mai ɗoki kuma zai kashe kwanakinsa duka a Waikiki, bakin tekun Honolulu, yana jiran abin da ke wani tsibiri daban. Kai ko a Babban Tsibirin ma ba kullum ake ganin ja ba, sai mutum ya duba sanarwar hukumar da ke sa ido kan duwatsun kafin ya yanki tikiti.

Shawarata ita ce mu raɗa wa "lava" suna tukuna, sauran zai biyo. Narkakken dutse ya dace da shi yana cikin ƙasa ko yana malala. To bayan ya daskare fa, ya zama baƙar ƙasar da ake takawa? Ba narkakke ba ne kuma. Ni na ce aman dutse, wato abin da dutsen ya amayar, da zafinsa ko a sandare. Daga nan sai mu bi ƙa'idar da muke da ita ta kiran abu da abin da aka yi shi da shi, kamar zoben azurfa. Tsibirin aman dutse: tsibirin da aman dutse ya gina, ko wutarsa na raye ko ta mutu shekara miliyan da ta wuce.

*

Wani malaminmu ya ce amai kalma ce marar daɗi, ba ta dace da bayanin wurin shaƙatawa ba. Allah ya gafarta Malam, na fahimta, amma ai ta riga ta shiga cikin dutse mai aman wuta ba wanda ya yamutsa fuska. Wani kuma ya ce ana iya jin aman dutse a matsayin amayar da duwatsu. In an ji haka ma ba a kauce ba, dutse ne ke fitowa.

Na gwada ta a jimlolin da matafiyi ke bukata, ta zauna. Yashin bakin tekun Punaluu da ke Babban Tsibiri baƙi ne domin aman dutse ne da ya faɗa ruwa da zafinsa ya tarwatse. Aman dutse iri biyu ne, mutanen Hawayi suna ce wa mai santsi pahoehoe, mai kaifi kuma a'a, masana na duniya ma sunayen nan suka ara. Mai niyyar taka na biyun ya tafi da takalmi mai kaurin tafi. Tsaunukan da aman dutse ya tara suna tare iskar da ke ɗauko ruwa, shi ya sa a Babban Tsibiri garin Hilo ke shan ruwan sama fiye da milimita 3,000 a shekara, Kona da ke bayan tsaunin kuwa rana ce. Tsaunin Mauna Kea ya kai mita 4,207, har ƙanƙara ke sauka a kansa, don haka rigar sanyi ta shiga jaka ko da ƙasar zafi za a je.

To abin da zan rubuta ke nan: Hawayi jerin tsibiran aman dutse ce, duwatsunta masu aman wuta a yanzu suna Babban Tsibiri.

Saura kalma ɗaya da zan buƙata a sakin layi na gaba. Ƙaton ramin da ke kan Kilauea, wanda ya rufta da ɗaruruwan mita a 2018, shi Turawa ke kira "caldera". Bakin dutse ya yi masa kaɗan, domin faɗinsa kilomitoci ne, kuma ruftawa ce ta yi shi. Ni kwarin dutse nake tunani. Me kuka gani?