Sauya suna bayan aure: abin da na tattaro daga bakin waɗanda suka yi

Mun tattauna da wasu mata da suka sauya suna bayan aure, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan abu guda: takardar shaidar aure ce tushen komai. Ki nemi kwafi biyu ko uku masu hatimin hukuma, domin wasu ofisoshin sukan riƙe wadda kika kai na ɗan lokaci.

Daga nan sai katin shaida na gwamnati, sai fasfo da lasisin tuƙi, kafin ki doshi banki. Banki yakan nemi sabon katin shaida ne, don haka wadda ta fara da banki sai ta yi sawu biyu.

Maganar tafiya ce ta fi taɓa ni. Wata ta sayi tikitin jirgi da sabon sunanta, fasfonta kuwa yana ɗauke da tsohon, aka tsayar da ita a gaban tebur, jaka a hannu. Dole sunan tikiti ya yi daidai da na fasfo. In tafiya ta matso, ki bar fasfon tukuna.

Takardun makaranta galibi ba a sauya su, shaidar auren ce ke haɗa sunayen biyu. Kada ki manta da wurin aiki, inshora da fansho. Kafin ki bar gaban ma'aikaci, ki karanta sunan harafi bayan harafi, domin gyaran kuskure ya fi sauyin farko wahala.