Yaya zan samu rafarens (tsayayyen boltej na ma'auni) a ɓangaren da giraun (layin 0V) ɗinsa yake daban, ba tare da tsada ba?

Mai_Soda: Salam ƴan uwa. Ina haɗa wata caja ce da Arduino (ƙaramin bod mai kwakwalwa da ake sa wa firogiram) ke sarrafa ta, to ɓangaren wutar giraun ɗinsa daban yake, bai kamata ya taɓa na Arduino ba sam. Abin da nake so shi ne boltej daga 0 zuwa 2.5V a can ɓangaren wanda zan riƙa saitawa daga nan. Na gwada PC817 (opto ne, wato LED da taransista a gida ɗaya, yana tsallakar da sigina ta haske ba tare da haɗa waya ba) kai tsaye, ina ƙara karent a LED ɗin ina auna abin da ya fito, da farko ya yi kyau amma bayan minti goma da bod ɗin ya ɗumama sai na ga mita tana ta gangarowa a hankali, na canza wani PC817 kuma lamba ta fito daban gaba ɗaya. Wallahi abin ya dame ni. Akwai mafita mai sauƙi?

Injiniya_K: Wa'alaikumussalam. Ba laifinka ba ne malam, halin opto ne. CTR (yawan karent ɗin da ke fita in an kwatanta da wanda ya shiga LED) na PC817 yana iya kaiwa daga 50% har 600% tsakanin wannan da wancan, ga zafi ga tsufa duk suna taɓa shi, don haka kar ka ɗora masa ɗaukar girman boltej. Ka tura masa lokaci kawai, wato PWM, shi dai kunna da kashe da sauri, tsawon lokacin kunnawar ne ke nuna girman boltej. A can ɗaya ɓangaren sai ka sa TL431 (IC ɗin rafarens) ya ba ka 2.495V, ka ciyar da 74HC14, IC mai tsaftace siginar kunna da kashe, da wannan boltej ɗin (yana aiki tun daga 2V), fitowar opto ta shiga ta cikinsa, abin da zai fito zai riƙa tsalle tsakanin 0 da 2.5V cif, sai ka tace da resista 10k da kafasita 10µF. PWM na Arduino Uno wajen 490Hz yake a yawancin fin, a lissafina ɗan rawar da zai rage bai wuce 13mV ba, in ka ƙara tacewa ta biyu ma sai ka neme shi ka rasa. Ka sa op-amp (IC mai ƙarfafa sigina) a gaba kar lodi ya ja shi ƙasa.

Hauwa_lab: Na yarda da Injiniya, amma fa TL431 ɗin sai ya ci wuta, daga ina? In babu a can, B0505S-1W (ƙaramar kambata mai ba da 5V da giraun daban) ta isa. Sai dai ba ta da regulesha, in lodi ya yi kaɗan boltej ɗinta hawa yake, kuma tana da hayaniya, ka sa kafasita kusa da ƙafafunta. Resista 470Ω daga 5V zai ba TL431 wajen 5mA, shi kuwa 1mA yake nema aƙalla.

Baba_Rediyo: Opto irin IL300 ko HCNR200 ma suna yi, fotodayod (mai karanta haske) biyu ne a ciki, ɗaya na daidaita hasken LED ɗin, ɗayan na fitar da sigina, amma op-amp biyu za ka sa kuma sun fi tsada. Ni abin da nake jan kunnenka yaro, ka bar tazara sosai a bod ƙarƙashin opton, kar ka bi da layi ko ɗaya ta wurin, na sha ganin an raba giraun a takarda an haɗe shi da soda.

Mai_Soda: Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na haɗa tsarin PWM ɗin jiya da dare, awa biyu tana kunne mita ba ta motsa ba. Saura dai kusa da sifili lambar ba ta bin lissafi daidai, ina zargin jinkirin PC817 wajen kashewa ne, ina da 6N137, opto mai sauri, guda ɗaya zan sa in gani.