Sakkwato na faɗaɗa: cikin gari ko bayan gari, ina gobara ta fi barazana?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Gine-gine sun kai Dambuwa, sun miƙe wajen Kalambaina da More, wuraren da dā gonaki ne. Ina roƙon masana su warware mini: haɗarin gobara ya fi yawa a tsofaffin unguwanni irin Kanwuri da Marina ko a sababbin? Kuma me ya sa kasuwa ke kan gaba, kamar yadda aka gani a babbar kasuwa cikin Janairun 2021?

Ɗan kwana-kwana:
Wa'alaikumussalam Malam. Inda wuta ke tashi daban, inda take cin rabonta daban. Cikin gari matsalar lungu ce. Faɗin motar kashe gobara kusan mita 2.5 ne, tana son hanya mai mita 4 kafin ta wuce cikin sauƙi. In an fito da dakali nan, an kafa rumfa can, sai ta tsaya bakin titi a yi ta haɗa mesa, kuma kowane ƙari na rage ƙarfin ruwa. Dauri soron ƙasa ba ya kamawa da sauri. Yanzu an mai da shi kwano da katako da silin roba, rufin wannan gida na manne da na wancan, wuta sai ta bi ƙarƙashin kwano ta faɗa wa maƙwabci ba a gani ba.

Bayan gari katanga ta raba gidaje, don haka galibi gida guda take ci, amma takan cinye shi ƙurmus. Nisa ne, ga yashi, ga layuka babu suna. Ruwan da mota ke ɗaukowa bai cika wuce lita 4,000 zuwa 5,000 ba, mesa guda kuwa tana iya zubar da lita 400 a minti ɗaya. Minti goma zuwa goma sha biyu ke nan, sai a koma ɗibo. Unguwar da ke da burtsatse mai babban tanki ta sa masa bakin da mota za ta iya sha.

Mai wayarin:
Gaskiya ne Yallaɓai. Bari in ƙara da inda take farawa. Gidan da anka yi wa wayarin don ƙwan fitila da fanka shi ne yau ke ɗauke da firji, hita da na'urar sanyaya ɗaki. Wayar 1.5mm ta fitila ce, soket na son 2.5mm, manyan kaya a ja musu layinsu na 4mm. Babban kuskure shi ne bureka, wato na'urar da ke katse lantarki in kaya sun yi wa layi yawa, na yawan faɗuwa, sai a cire mai amfiya 10 a sa mai 30. Daga nan waya ce za ta narke cikin silin, bureka na tsaye bai motsa ba. Haka ɗaure waya da leda maimakon a haɗa ta cikin akwati: ƙulli na sakewa, ya yi zafi, ya fara tartsatsi.

A sababbin unguwanni kuma mutane kan ja layi mai nisa a kan sandunan katako kafin a kawo taransifoma. Ƙarfin wuta na raguwa, injin firji da na famfo su yi ta zafi. Sai hitar ruwa da aka bari cikin bokitin roba lokacin hunturu: an ɗauke wuta an fita, an maido babu kowa.

Mai tsara filaye:
Batun kasuwa Malam, an zana ta da layuka masu faɗi, ciniki ya yi yawa, aka cika layukan da tebura da rumfunan tampol. Atamfa, katifa, robobi, janareta da jarkar fetur duk a zango ɗaya. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu na busowa daga arewa maso gabas, komai ya bushe ƙayau, wuta na bin iska. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gidajen mai da shagunan cika tukunyar gas da aka gina a bakin gari, yau gari ya zagaye su. Gas ya fi iska nauyi, in ya zurara ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata.

Mai tambaya:
Allah shi saka da alheri. To maigida da me zai fara?

Ɗan kwana-kwana:
Babban makunnin wuta ya kasance a zaure, kowa na gida ya san shi. Tukunyar kashe gobara mai hoda ta kilo 6 kusa da ƙofar kicin, amma a sani ba ta kai rabin minti take ƙarewa, gindin wutar ake nufa. Kada a watsa ruwa kan mai ko waya mai wuta. Tagogin da aka yi wa ƙarfe, a bar ɗaya mai buɗewa daga ciki a kowane ɓangare. Sannan a kira kwana-kwana tun hayaƙin farko, a tura yaro bakin titi ya nuna wa mota hanya.