Gari ya cim ma gonarmu ta gado, mu yanka ko mu bi ta hukuma?

Baban Walida: Salam jama'a. Shawara nake nema wajen wanda abin ya taɓa faruwa da shi. Mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa, ya bar mana gona eka uku a ƙasar Gezawa, ciki kaɗan daga Jogana. Mu tara ne, ga Hajiya tana raye kuma har yau geron da take sha kunu daga gonar nan ake kawo shi. To yanzu gari ya iso, gonar gabas da mu an yanka ta bara har an fara jibge bulo, bana ma awakin sababbin maƙwabta ne suka cinye mana wake. Ƙannena na so a kira mai igiya a yanka fuloti-fuloti 50/50, wato ƙafa hamsin tsawo hamsin faɗi, kowa ya sayar da nasa, ni kuma ina so a bi ta hukuma a fitar da titi da filin masallaci ko da fulotan za su ragu. Wanda ya bi ta hukuma wata nawa ya ɗauka, me ya kashe? A lura, ba dunƙule za mu sayar ba.

Mai Dillanci: Alhaji nawa za ku bar ta dunƙule? Ina da mai saye a hannu, wajen nan eka na kai miliyan 25, ka min magana ta inbox.

Abu Hanif: Miliyan 25 a ina? Surukina ya sayar da tasa a wannan yankin da rani, fuloti dubu 900 kuma sai da aka sha rana kafin su ƙare.

Mai Dillanci: Ta bakin titin Hadeja nake magana malam, ba ta cikin daji ba.

Maman Sadiq: Malam don girman Allah kar ku yi awon igiya, ni ganau ce. 2017 maigidana ya sayi 40/40 a wata unguwa bayan gari, ranar da muka je gani gona ce fetal da turaku, dillalin ya nuna mana da ƙafarsa ya ce nan titi ne ƙafa 20, can makaranta, can maƙabarta. Muka yi gini muka tare. Shekara biyu ba a yi ba mai gonar ya rasu, 'ya'yansa suka zo suka ce su babu titi a takardarsu, suka yanka shi tsawonsa suka sayar, wanda ya saya ya ɗora katanga har jikin tagar ɗakina. Abin da ya rage mana lungu ne da in mai kurar ruwa ya shigo sai dai ya koma da baya. Damina kuwa ruwan unguwa gabaɗaya ƙofarmu yake kwana don babu wanda ya bar hanyar kwata, kowa ya cike gabansa da ƙasa ya turo wa na ƙasa da shi. Ranar da naƙudar Sadiq ta kama ni ƙarfe biyun dare adaidaita ta kasa shigowa, a ƙafa na taka har bakin hanya ina dafa bangon mutane. Wanda ya fi ci min rai rasuwar tsohuwar maƙwabciyarmu, makara ta ƙi juyawa a kwanar lungun, sai da aka ɗaga ta sama aka miƙa ta kan katanga. Filin maƙabartar da aka nuna mana yanzu gidan bulo ne. Mun je wajen masu sa hannu a takardar, kowa ya ce shi shaidar ciniki ya yi ba shaidar titi ba.

Ummu Aisha: Innalillahi. Wlh kamar labarin unguwarmu kike bayarwa Maman Sadiq, mu transifoma ma aka rasa inda za a dasa.

Bazazzage: Bakano ko tabarmar masallaci ka ba shi aro sai ya auna ta 50/50 ya nemi dillali 😂

Abu Hanif: Kai dai ku ji da lungunan birnin Zariya tukuna.

Ɗan Safiyo: Baban Walida bari in ba ka lissafi. Eka ɗaya ƙafa murabba'i 43,560 ce, 50/50 kuma 2,500, wato fuloti 17 ke nan in ba a bar ko taku ɗaya na hanya ba. Shi ya sa mai igiya yake muku daɗin baki da hamsin da ɗoriya a eka uku. In aka fitar da titi na gaskiya da magudana za ku dawo wajen talatin da wani abu, amma fulotin da mota ke zuwa ƙofarsa ba kuɗinsu ɗaya da na cikin lungu ba. Sannan ku sani dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna ne, wadda ba a ayyana ta cikin birni ba ƙaramar hukuma ke ba da takardarta, kuma in gwamnati ta karɓa don aikin jama'a diyyar abin da ke kai ake biya, gini da bishiya da shuka. Ku fara zuwa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, da ma'aikatar ƙasa a duba ko wajen ya faɗa cikin wani tsari kafin ku buga turke ko ɗaya.

Mai Dillanci: Ka dai faɗi haka don a ba ka aikin. Ni shekarata 19 a harkar nan, wurare da dama a Kurna da Rimin Kebe da igiya aka yanka su kuma mutane na ciki suna rayuwa.

Maman Sadiq: Suna rayuwa ko suna haƙuri? Kai la'adarka kake karɓa ka tafi, mu ke kwana da ruwan.

Malam Na Tsangaya: Duk kun tsallake na farko. An raba gadon? Hajiya tana da tumuninta, mata suna da rabonsu, babu mai ikon kyautar da filin masallaci ko titi daga dukiyar da ba tasa shi kaɗai ba sai kowa ya yarda, in akwai ƙaramin yaro a ciki ma maganar ta ƙara nauyi. A tara su gaban alƙali ko malami a rubuta.

Baban Walida: Na gode Malam, babu yaro, autarmu ta yi aure. Amma har yanzu ban ji wanda ya bi ta hukumar da kansa ba.

Ɗan Ruga: Baban Walida tambaya ɗaya, akwai burtali a gefen gonar taku? Don mu abin da ke kashe mu ke nan. Hanyar da kakana ke bi da shanu zuwa mashaya yau gidaje ne a kai, an bar mana bakin kwalta, in saniya ta taka gonar wani a ce mu ne masu ɓarna, ta ina za mu bi?

Abu Hanif: Burtalin garinmu manoma ne suka fara cinye shi kunya ɗaya duk shekara tun kafin dillalai su zo, gaskiya ɗaya ce.

Ɗan Ruga: To ai su wa ke sa hannu in za a sayar? Da can bayan girbi mu ake roƙo mu kwana a gona don taki har a ba mu dawa, yanzu kara ma sai mun saya.

Ummu Aisha: Karan ma nawa ne dami a wajenku? Mu nan ya fi ƙarfin mai akuya biyu.