Zuwa ruwan Wikki daga Maradi a motar kwana

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina da wata tsohuwar Hiace da na daɗe ina jigilar kaya da ita tsakanin Maradi da Tasawa. Bara na daina, sai na kai ta wurin mai walda ya cire kujerun baya, ya yi mini gadon ƙarfe, muka ɗora katifa. Na sa faifan sola a sama, da batir da fanka, ga tukunyar gas ƙarama da jarka biyu na ruwa. Maƙwabta sai dariya suke yi, wai na gina ɗaki a kan taya.

Uwargida tun tana budurwa take jin labarin ruwan Wikki na dajin Yankari a bakin wata gwaggonta da ta yi aure a Bauchi, na kuwa yi mata alkawari. Mu biyu ne da yara uku. Wace hanya ta fi, wane lokaci ya fi, kuma ana iya kwana cikin mota a can?

Ɗan Gulbi direba:

Wa alaikumus salam. Alhaji, hanya sananniya ce: Maradi, Ɗan Isa, Jibiya, Katsina, Kano, ka bi ta Wudil da Birnin Kudu da Ningi ka faɗa Bauchi. Daga nan ka kama hanyar Gwambe, a Dindima ka kauce zuwa ƙofar dajin da ke Mainamaji. Duka ya haura kilomita 650, kada ka ce a yini ɗaya za ka yi shi da yara. Kwana a Kano, a gidan dangi ko masauki, ka canji sefarka a Wapa tun da kana nan. Jibiya zuwa Katsina kuwa da rana tsaka ake wucewa, kuma ka tambayi direbobin tasha halin hanyar a safiyar da za ka tashi. Ka san yadda yankin yake. Tsayawa a gefen titi a kwana, ka cire shi daga ranka.

Takardun mota da inshora da katin rigakafin shawara na kowa su kasance a hannu, ka je duwan tun kafin ranar tafiya. Motar da aka cire wa kujeru duk shingen da ka iso sai an leƙa cikinta, ka yi haƙuri ka buɗe musu kawai.

Maman Hadiza:

Yaya, ni na je da maigidana, kuma har yau in na tuna ruwan nan sai in ji kamar in koma. Daga ƙofa sai kun ƙara sama da kilomita 40 cikin daji kafin sansanin Wikki, don haka ku cika tanki a Bauchi. Ana sauka matakala ne zuwa ruwan. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garau, kana hango farin yashi da yatsun ƙafarka. Ɗuminsa digiri 31 ne, dare da rana, rani da damina. Mun shiga da asuba cikin hunturu, tururi na tashi, ga inuwar itatuwa. An ce lita miliyan 21 yake zubarwa kullum zuwa kogin Gaji. Wajen bakin dutsen yana shanye mutum, a riƙe yara a ƙasa inda bai da zurfi. Ki gaya wa uwargida, au, ka gaya mata ta ɗauki doguwar riga mai kauri ta shiga ruwa, kuma sassafe ya fi sakewa kafin 'yan makaranta su cika wurin.

Maganar kwana, mu ɗaki muka kama, kai ma ka nemi izinin ma'aikata kafin ka yi shimfiɗa a mota. Amma abin da zan ja maka kunne a kai shi ne gwaggon biri. Ba sa tsoron mutum ko kaɗan. Na ajiye ledar kilishi a kujera, gilashi a buɗe ɗan kaɗan, na juya in ɗauko buta, sai ga wani ƙato zaune a kan mota yana ci yana kallona. Motarka mai kicin a ciki ai biki ka kai musu. Sa raga ta ƙarfe a tagogi, ka kulle ƙofa ko alwala za ka yi. Gadu ma yawo suke a sansanin kamar awakin gida.

In kuna son ganin giwa da ɓauna, ku je ƙarshen rani, Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin ciyawa ta bushe dabbobi na taruwa a bakin Gaji. Ba a shiga sai da ɗan jagora.

Malam na Madarunfa:

Ɗana, ban hana ka ba. Amma kafin ka kai iyali ƙasar wasu, zo ka gwada ɗakin naka a bakin tafkinmu, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Ka kwana ɗaya, ka ga ko batir zai riƙe fanka har asuba, ka ga yadda mutum biyar za su kwanta, da yadda za ka yi da sauro. Ka ci soyayyen kifi, ka ziyarci kaburburan waliyyai. A Afrilu mota tanda ce.

Baban Nana, Ali Ɗan Sofo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Baba, Juma'a mai zuwa bayan la'asar muna tafe, a ajiye mana kifi. Maman Hadiza, na karanta wa uwargida labarin kilishin, ta ce ba za ta taka motar ba sai an sa ragar. Gobe zan koma wurin mai walda.