Wace kalma ta dace da ƙarshen labarin da ya bar ƙulli a baya?

Assalamu alaikum, malamaina da ƴan uwa masu kishin harshe. Abin da ya sa na kawo wannan tambaya gabanku shi ne wata gardama da ta tashi a fadarmu ta shayi a unguwar Zango, nan Damagaram, bayan da ƙanena da abokansa suka gama kallon shirin nan na Amurka mai suna Lost, wanda mu muka kalla a faifai da muryar Faransanci shekaru da dama da suka wuce. Wasu sun ce ƙarshensa ya ƙayatar da su, wasu kuma sun ce an yaudare su. Abin da ya dame ni shi ne duk lokacin da gardamar ta yi zafi sai kowa ya koma Faransanci, wannan ya ce "fin ouverte" (ƙarshen da bai amsa duk tambayoyi ba), wancan ya ce "dénouement" (inda rikicin labari ke warwarewa), kamar dai Hausa ba ta da abin cewa game da yadda labari ke ƙarewa, alhali da gatana aka raine mu.

Ga wanda bai san shirin ba, tashar ABC ce ta fara nuna shi a watan Satumba na 2004, aka rufe shi ranar 23 ga Mayu, 2010, bayan zango 6 da kashi 121. Labarin wasu matafiya ne da jirginsu mai lamba 815 ya taso daga Sidni zuwa Los Anjeles, ya faɗi a wani tsibiri mai cike da abubuwan al'ajabi: baƙin hayaƙi mai kisa, dabbobin ƙasar ƙanƙara a cikin dajin zafi, da lambobi shida da ke ta maimaituwa, wato 4, 8, 15, 16, 23 da 42. A kashin ƙarshe an nuna likita Jack ya ceci tsibirin, ya kwanta ya cika a cikin dajin gorar da ya fara buɗe ido a farkon shirin, kare na kwance a gefensa. An kuma nuna jama'ar sun taru a wata majami'a bayan mutuwarsu, inda mahaifin Jack ya shaida masa cewa duk abin da ya same su a tsibirin ya faru da gaske, cewa wasu sun riga shi mutuwa, wasu kuma sun daɗe a bayansa.

Kalmar farko da aka kawo a madadin "fin ouverte" ita ce "buɗaɗɗen ƙarshe", kuma ita ce na fi jin ɗalibai suna faɗa. Ban yarda da ita ba. Idan Bahaushe ya ce buɗaɗɗen fili ko buɗaɗɗiyar wasiƙa, yana nufin abin da ke sarari, wanda kowa ke gani ba tare da shamaki ba. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga lakwal ba, idan aka ce mata labari ya yi buɗaɗɗen ƙarshe, za ta ɗauka an bayyana komai ne dalla-dalla, wato kishiyar abin da ake nufi ke nan. Kalmar da sai mai ji ya san Faransanci kafin ya gane ta ba ta yi wa Hausa aiki ba.

Wani abokina ya ce a kira shi "yankakken labari". Wannan ya dace da shirin da tasha ta tsayar saboda kuɗi sun ƙare ko masu kallo sun ragu. Na Lost ba haka ba ne, domin tun 2007 aka sanar cewa a zango na shida za a rufe shi, marubutan suna da shekaru uku na shiri.

Bayan na fara yaɗa tambayar, wata malamar Hausa da ke unguwar Birni ta rubuto mini cewa: "Ɗana, me ya sa ba za ka ce ƙarshe mai harshen damo ba? Ai da ma muna cewa magana mai harshen damo idan tana ɗaukar ma'ana biyu." Na gode ƙwarai, Malama, kuma na kwana biyu ina juya wannan shawara a raina. Kalmar tana da asali, kowa ya san damo da harshensa mai baki biyu, kuma ba ta buƙatar a yi mata sharhi. Sai dai da na auna ta da shirin da ya jawo maganar, na ga ta nuna mini wani abu da ban lura da shi ba a da: abubuwa biyu daban muke haɗawa a ƙarƙashin suna ɗaya.

Abu na farko shi ne ƙarshen da ke karɓar fassara biyu, kowace da hujjarta, marubucin kuma ya ƙi ya zaɓa. Shirin The Sopranos da aka rufe a 2007 misali ne, domin ana cikin zaman cin abinci hoton ya ɗauke, allo ya yi baƙi, har yau wasu na cewa an kashe jagoran labarin, wasu na cewa yana raye. Wannan shi ne harshen damo na gaskiya. To amma a Lost, babbar fassarar da ta raba mutane, wato cewa matafiyan duka sun mutu tun faɗuwar jirgin, shirin da kansa ya ƙaryata ta da bakin mahaifin Jack, kuma marubutansa, Damon Lindelof da Carlton Cuse, sun sha ƙaryata ta daga baya. Abin da ya ƙara ruɗa mutane shi ne hotunan tarkacen jirgi a bakin teku, babu kowa a wurin, waɗanda tashar ta saka lokacin da sunayen ma'aikata ke wucewa, ba tare da suna cikin labarin ba. A ganina wannan rashin fahimtar mai kallo ne, bai kamata mu ƙirƙira masa suna kamar salo ne na adabi ba. Ƙanena ya kira wurin taruwar majami'ar da barzahu, na ce masa ya yi hattara, domin barzahu kalma ce ta aƙida mai ma'anarta sananniya, abin da aka nuna kuwa tunanin marubuta ne, har ma sun haɗa alamomin addinai daban-daban a gilashin tagar.

Abu na biyu, wanda shi ne ainihin ƙorafin masu ƙorafi, shi ne tambayoyin da aka ƙulla aka bar su. An nuna cewa lambobin shida suna tare da sunayen mutanen da Jacob, mai tsaron tsibirin, ya zaɓa don su gaje shi, amma ba a faɗi abin da ya ba su ƙarfin bibiyar Hurley, ɗaya daga cikin matafiyan, tun kafin ya hau jirgin ba. An nuna haske a tsakiyar tsibirin da dutsen da ya toshe shi, ba a faɗi wanda ya sassaƙa dutsen ba. Wani yaro cikin matafiyan mai suna Walt, wanda aka yi ta nuna cewa yana da wata baiwa, an bar zancensa har sai da aka fitar da wani ɗan ƙarin kashi na kusan minti 12 a faifai a watan Agusta na 2010. Makomar mutanen an rufe ta, asirin wurin ne aka bari.

A nan ne wani dattijo da ke bibiyar zancen ya tuna mana da kacici-kacici. Ya ce idan aka yi maka tambaya ka kasa, kana cewa na ba ka gari, mai tambaya ya karɓi garin, sannan dole ya faɗi amsa. Masu kallo sun ba da gari shekara shida, aka ci garin aka hana su amsa. Allah ya ƙara girma, Baba, wannan ita ce fassara mafi kyau da na ji game da fushin mutane, domin ta nuna cewa akwai alkawari tsakanin mai ƙulla asiri da mai saurarensa. Amma "cin gari ba amsa" hukunci ne, ya riga ya ɗora laifi, alhali muna neman sunan da mai yabo da mai suka za su iya amfani da shi tare. Kuma kada mu manta muna da gatanar da ke ƙarewa da tambaya, irin ta gwanaye uku da ake cewa a cikinsu wa ya fi gwaninta, a bar yara suna ta musu bayan an ce ƙurunƙus kan kusu. Ba wanda ya taɓa cewa kakarsa ta cuce shi da irin wannan.

Saboda haka ga abin da na tsaya a kai. Kalmar "dénouement" asalinta kwance ƙulli ne, mu ma kuma muna cewa an ƙulla labari, an warware zare da abawa, don haka "warwarar ƙulli" ta zauna mata daidai ba tare da an tilasta ba. Daga nan "fin ouverte" sai ta zama "ƙarshe mai sauran ƙulli", wato an warware wasu, an bar wasu da gangan. Shawarar Malama kuwa na riƙe ta ga ƙarshen da ke ɗaukar ma'ana biyu kaɗai. Da waɗannan zan iya cewa ƙarshen Lost yana da sauran ƙulli amma ba shi da harshen damo, kuma na gwada wannan jimla a fada jiya da dare, har waɗanda ba su kalli shirin ba suka gane abin da nake nufi.

Abu ɗaya ya rage mini. Wani ɗalibi ya ce "ragowar ƙulli" ta fi "sauran ƙulli" daɗin faɗa, ni kuma ina jin ragowa ta fi kusa da abin da aka ci aka bari a kwano, wanda zai mai da mu ga zargi. Ina roƙon ƴan uwa na Maraɗi, Tawa, Katsina da Kano su faɗa mini yadda kalmomin biyu ke sauka a kunnensu, domin ina so in rubuta wa ɗalibaina guda ɗaya a allo kafin ƙarshen wannan wata.