A Ina Kuka Fara Ganin Christine Hakim?

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina roƙon waɗanda suka taɓa kallon Christine Hakim, jarumar fina-finan Indunusiya, su gaya mana a wane fim suka fara ganinta. Ni a kashi na biyu na zangon farko na shirin talabijin The Last of Us na santa, a 2023, inda ta fito a matsayin farfesa masaniyar funfuna wadda wani hafsan soja ya nemi ta samo maganin annoba a Jakarta, ita kuwa ta ce babu magani, a yi wa birnin ruwan bama-bamai. Fitowar ba ta da tsawo, amma yadda hannunta ya riƙa rawa da kofin shayi ya sa na tambayi ko wace ce.

Wani da ya yi karatu a Yogyakarta: Wa alaikumus salam. Malam, wutsiyar aikinta ka kama. Abokan karatuna ne suka ja ni sinima a 2021, lokacin da aka sake haska Tjoet Nja' Dhien bayan an gyara hotonsa, fim ɗin da Eros Djarot ya shirya a 1988 inda Christine ta fito a matsayin jarumar yankin Aceh na Indunusiya da ta ci gaba da yaƙar Turawan Holan bayan kashe mijinta Teuku Umar a 1899. Abin da ya kama ni shi ne ba a ƙawata ta ba ko kaɗan: an nuna ta tana tsufa a daji, idonta yana dushewa, jikinta ya ƙi, har wani na hannun damanta, Pang Laot, ya kai labarinta ga Turawa saboda tausayin halin da take ciki. A ganina duk wanda bai ga wannan fim ba bai isa ya yanke hukunci kan iyawarta ba. An nuna shi a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a 1989, Christine kuma a 2002 ta zama mutum na farko daga Indunusiya da ya zauna cikin alƙalan bikin.

Wata Hajiya mai sarin kaya a kasuwar Tanah Abang ta Jakarta: Ni matar da nake saro wa yadi ce ta kunna mini Daun di Atas Bantal na 1998, kan yaran titi a Yogyakarta, wanda Christine ta fito a ciki kuma ta ɗauki nauyin shirya shi. Ban ji harshen ba, amma na ji nauyin labarin. Matar ce ta gaya mini cewa da tallan tufafi Christine ta fara, har darakta Teguh Karya ya ga hotonta a mujalla ya sa ta a Cinta Pertama a 1973, kuma da wannan fim na farko ta ci kyautar Citra, babbar kyautar fina-finai ta Indunusiya.

Wata 'yar uwa: Hajiya ta yi sa'a. Ni a Eat Pray Love na 2010 na ganta tana mai maganin gargajiya a Bali tare da Julia Roberts, kuma gaskiya rawar da aka ba ta ba ta kai ta ba. Sai da na kalli Perempuan Tanah Jahanam na Joko Anwar, na 2019, inda ta fito tsohuwa mai ban tsoro, sannan na yarda. Malam mai karatu, ana samun fim ɗin Aceh ɗin da fassarar Turanci?